Kwancin Lami

Gardi ba ya kiwon maciji, kamawa yake yi. Haka Baba Audi ya taras a wurin mahaifinsa, shi ma mahaifin haka ya taras a wurin nasa. In macijin wasa ya mutu, ko ya tsufa ya daina fasa kai, sai mutum ya ɗauki buhu da sanda mai baki biyu ya shiga daji, kafin rana ta yi sanyi ya dawo da wani. Daji shi ne rumbun gardi, kuma ba a taɓa jin ranar da aka ce ya ƙare ba.

To, dajin bai ƙare ba, shigarsa ce ta gagara. Tun da masu bindiga suka mai da shi gida, mai itace ya haƙura, mai zuma ya haƙura, balle mai neman abin da kowa ke gudu. Wani gardi na wajen Ƙanƙara ya yi taurin kai ya shiga, har yau ko buhunsa ba a gani ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Baba Audi ya jingine sandarsa a bayan ƙofa, a gidansa da ke gefen garin Sheme, ya ce sai abin da hali ya yi.

Abin da hali ya yi shi ne macizansa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ya kashe kumurci guda, ciwon baki ya kashe ɗayan. Kasa kuwa, wadda dama ba ta da fara'a, wata safiya aka same ta a sandare ba tare da ta yi wa kowa sallama ba. Sai ya rage saura Lami.

Lami mesa ce. Ranar Alhamis ya kamo ta, shi ya sa sunan, lokacin tsawonta bai wuce taɓarya ba. Yanzu in ta miƙe sai ta cika zaure daga ƙofa zuwa ƙofa. Ita yake sakawa a akwati ya ɗaure a bayan babur ya zagaya kasuwanni, Sheme, Faskari, Ƙanƙara, in hanya ta yi kyau har Sabuwa. Ya rataya ta a wuya, mutane su taru, matsorata su tsaya baya suna leƙe, masu kuri su matso a ɗauke su hoto, shi kuma ya buɗe jakar maganin sara. Ba wanda zai sayi maganin maciji a hannun mutumin da bai zo da maciji ba. Wannan Baba Audi ya san shi sarai: ran da Lami ta mutu, ran nan gardancinsa ya mutu. Ban da wannan ma yana son ta, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Sun daɗe tare, ta san warin hannunsa, shi ma ya san ranar da ba ta son wasa.

Shawarar kiwo daga bakin matarsa Hamida ta fito. Hamida mai zabi ce, duk unguwar an san ta. Da damina takan tara ƙwan zabi ta sa wa kaza ta kwanta, kuma da wuya ka ga an fitar da baragurbi daga akurkinta, don tun kwanci bai yi nisa ba take ware mai rai da marar rai. Wata rana da hantsi tana watsa wa zabinta dawa, shi kuma yana zaune a kan turmi yana ƙorafin daji, sai ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Malam, zabuwa ma ai 'yar daji ce. Wani ya hwara aje ta gida."

"Mi kike nuhi?"

"Lami mace ce. A samo mata namiji mana."

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin gardin da ya yi haka ba, kuma mace dai mace ce, komai sai ta mai da shi akurki. Hamida ta ci gaba da kiran zabinta. Ba a yi mako ba aka gan shi a kan babur ya nufi Sabuwa.

Can yana da tsohon abokin yawo, Malam Yahuza, wanda shi ma abin da ya rage masa ke nan, mesa namiji guda, ƙato, malalaci. Da ya ji abin da ke tafe da baƙonsa sai da ya sa aka maimaita masa.

"Aure za ka ɗaura masu ke nan, Malam Audi? To wa zai yi walicci?"

"Kai dai ba ni aro. In abin bai yi ba, ai ba a rage mashi komi ba."

"Ɗauka. Amma in an tambaye ka, kada ka ce da sanina."

Angon ya yi sanyin shekarar a ɗakin Lami, wani ɗaki ne a ƙuryar gida da awaki suka taɓa zama, da ɗan fili kewaye da katanga a gabansa. Ko ya yi abin da aka kawo shi yi, ko barci kawai ya sha, ba wanda ya gani, don maciji ba ya irin wannan a gaban jama'a. Da zafi ya fara aka mai da shi gida.

Bazara na tsayawa Lami ta daina cin abinci. Ta kumbura daga tsakiya zuwa wutsiya, ta riƙa zagaye ɗakin tana tura hanci a kowace kusurwa, har ta dace da wata tsohuwar randa da ta fashe ta gefe, mai yashi mai sanyi a ciki. Wata safiya Baba Audi ya leƙa ya same ta a cikin randar ta naɗe kamar gammo, kai a bisa. A tsakanin naɗin yana hango wani abu fari.

A daji ya sha ganin ƙwan mesa a ramin dabgi, amma a daji uwar ake nema, ƙwan tsallake shi ake yi. Yanzu ne ya tsaya ya kalle shi da kyau. Za su kai talatin, kowanne ya fi na talotalo girma. Ba su da ɓawo mai tauri, taushi gare su kamar jemammiyar fata, kuma sun manne da juna sun zama curi guda.

Murna ta zo, tambaya na biye da ita. Mesa mai kwanci ba ta cin abinci, wannan ko a daji an san shi. Hamida ce ta fito da maganar fili.

"Malam, kaza in ta kwanta bisa baragurbi ba ta sanin baragurbi ne. In ba a tashe ta ba, nan za ta bushe. A diba. In da rai, a bar ta ta sha wahalarta. In babu, a tashe ta tun da sauran ƙarhinta."

Lami na da al'ada guda. Da hantsi takan warware ta fito filin nan inda rana ke faɗawa, ta sha zafi har jikinta ya yi baƙi, sannan ta koma ta naɗe ƙwan. A wannan tsakanin suka shiga. Hamida, wadda tun da aka sa Lami a ɗakin ba ta taɓa taka shi ba, ta ɗaure zaninta tamau, ta raɓa ta jikin katanga tana karanto duk addu'ar da ta iya, tocila a hannu. Suka tura ƙofa, suka rataya tabarma a taga, ɗakin ya yi duhu. Ta durƙusa ta manna bakin tocilar a jikin ƙwai guda. Ƙwan ya kama haske ya yi jaja-jaja, a cikinsa ga jijiyoyi sirara sun bazu kamar saiwar gero.

"Ka gani? Wanga shina da rai."

Ta matsa ga na kusa da shi, haka. Na gaba ma haka. Sai wasu 'yan ƙanana a gefe, masu launin rawaya, su haske ya ratsa su fayau, ba komai a ciki. Ta ce waɗannan baragurbi ne tun ran da aka yi su. Baba Audi ya kai hannu zai ɓalle su, suka ƙi, ya bar su don kada ya yaga na kirki.

Ran nan da yamma, a majalisar ƙofar masallaci, ya fara rabon 'ya'yan da ba su fito ba. Biyu na Malam Yahuza, ɗaya na wani gardi a Faskari, sauran nasa, kuma daga yau shi da daji sai dai a gaisa daga nesa. Aka yi dariya, wani ya ce Allah ya raya, amma a riƙe su a can, kada a kawo wa kowa ziyara. Abin da ya fi zauna masa a rai shi ne hannun Hamida. Abin da ta sani a kan zabi ya ci a kan mesa, ya gani da idonsa. Daga nan ya ɗauka ƙwai duk ƙwai ne.

Ƙwan zabi wata guda yake yi ya ƙyanƙyashe. Wata ya cika, shiru. Hamida ta ce babban abu ai sai babban lokaci. Wata na biyu ya kama, ya raba, ya ƙare, shiru.

Lami kuwa tana zubewa a kan idonsa. Ƙashin bayanta ya taso, fatar ta yi mata yawa ta riƙa ninkewa a gefe. In ta fito shan rana, tafiyar da ba ta fi taku kaɗan ba sai ta tsaya ta huta a tsakiya. Ya kawo mata ɗan tsako, ta kai masa duka da kai ta kore shi. Ya kawo gafiya, ko kallo ba ta ishe ta ba. Ruwa kawai take ɗan sha. Akwati na nan a jingine, jakar magani na rataye, kasuwanni na ci suna watsewa ba shi. Majalisa ma ya daina zuwa, don ya gaji da masu tambayar yaushe ne suna.

Ƙwan ma ya sauya kama. Farin nan ya dushe ya koma ruwan ƙasa, wasu suka yi tabo-tabo. Cikar da suka yi ta sace, suka lotsa, suka yamutse kamar buhun da aka kwashe rabin hatsinsa. Ƙananan nan na gefe suka ruɓe suka yi funfuna, wari ya cika ɗakin har ƙudaje suka san hanya.

Ya hau tudun bayan gari neman sabis, ya kira Malam Yahuza.

"Wata nawa mesa ke yi bisa ƙwai?"

"Malam Audi, ni kamawa na iya. Ban taɓa zamnawa jiran ta haihu ba."

Ba wanda zai tambaya kuma. Tsofaffin gardawan da suka rage duk amsarsu ke nan, ilimin gidansu daga bakin rami ya fara, a bakin buhu ya ƙare. Sai ya koma wurin Hamida da tocilarta.

Wannan karon hasken bai shiga ba. Duk wanda ta manna wa tocila duhu ne cunkus, ba jijiya, ba ja. Ta ce duhu kaɗai ba laifi ba ne, ƙwan zabi ma in ɗan ya cika shi duhu yake yi, amma yakan bar ɗan fili na iska a kai. Ta nema sama da ƙasa ba ta ga fili ba. Ta danne ƙyamarta ta kara kunne, don ɗan zabo in ya kusa fita ana jin ƙwanƙwasarsa. Ba ta ji komai ba sai ƙudaje.

"Saura gwaji ɗaya, Malam. Ciro mani guda."

Ya bi curin da hannu yana jarrabawa. Duk sun manne gam, sai guda ɗaya a gefe, kusa da ruɓaɓɓun, wanda yana taɓawa ya biyo hannunsa. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa wannan kaɗai ya saki 'yan'uwansa ba. Suka fito da shi tsakar gida. Hamida ta zuba ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ta ce mai rai in ya ji ɗumi yakan motsa, a ga yana rawa a ruwan. Ta saka shi. Ya nutse ya kwanta a gindin ƙwarya, suka tsaya suna kallonsa har ruwan ya huce. Baba Audi ya ɗauko aska ya tsaga shi. Wari ya buge su, wani ruwa baƙi-baƙi ya zubo, a cikinsa ga ɗan maciji bai fi ɗan yatsa ba, ya daɗe da mutuwa.

Hamida ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Malam, ni dai in ƙwan zabi ne, wanga kwanci ya lalace. Rai ya shiga, ya hita. Amma ban taɓa kiwon maciji ba, kada ka ce na ce."

Ba ta ce ba, amma ya ji. Kuma shi mutumin Sheme ne, ya san yadda ake sayen hatsi a kasuwa: a caka buhu, a zubo kaɗan a tafin hannu, abin da aka gani shi ne buhun. Ya caka, ya gani.

Da la'asar ya zauna a bakin ɗakin yana kallon Lami a cikin randa. Numfashinta ma sai an lura ake gani. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko a gaban kumurcin da ya fasa kai. Ya ga kansa ya wayi gari ba ƙwai ba uwa, dattijo da akwati babu kowa a ciki. Ya ce a ransa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, wanda ke hannu shi ne nasa, kuma Lami ce a hannu. Kwaɗayin talatin ba zai sa ya rasa guda ba.

Washegari ya jira ta fito shan rana, ya ɗauke ta ya sa a akwati. Ba ta yi gardama ba, ba ta da ƙarfin yi. Ya ciccibi curin ƙwan ya sa a tsohon daro, ya zagaya da shi bayan katanga, inda maƙwabcinsa ke tara takin shanu kafin a kai gona. Ya so ya watsar, hannunsa ya ƙi. Ko baragurbi ne, ƙwan Lami ne. Ya tona ɗan rami a gefen tarin, ya zame curin a ciki yadda yake, ya rufe da taki sama-sama saboda karnuka. Ya dawo ya fitar da randar, ya wanke ɗakin da ruwan toka, ya zuba sabon yashi, sannan ya saki Lami.

Ta zagaya ɗakin tana fito da harshe, ta sake zagayawa. Daga baya ta je daidai inda randar take da, ta naɗe a kan ƙasa tsirara, kai a bisa, yadda take yi a kan ƙwan. Ya saka mata budurwar kaza. Kazar ta kwana tana makyarkyata a kusurwa, ta gama tsoronta, har ta fara hawa bayan Lami tana gyangyaɗi. Baba Audi ya ce za ta manta. Kaza ma in an tashe ta daga kwanci takan yi 'yan kwanaki tana ƙorafi, sannan ta koma tsattsagarta.

Ana cikin haka aka yi ruwan farko, ba mai yawa ba, wanda dai ya isa ya kwantar da ƙasa ya tuna wa kowa gonarsa. Gari ya waye da ƙarar amalanke, masu taki a gida duk sun tashi kwasa kafin shuka ta riske su. Baba Audi ya dawo daga masallaci ya leƙa ɗakin Lami. Kaza na nan, Lami babu.

Ƙofar fili a rufe take, katanga ba ta hawuwa. Sai idonsa ya faɗa kan rariyar da ruwa ke fita ta ƙarƙashin katanga. Shekaru ke nan da ya daina toshe ta, don ko rabin Lami ba zai shiga ba. Amma wannan Lamin da ce. Ramar da ta yi ce ta buɗe mata hanya, ga alamar cikinta a kan laka a bakin ramin.

Ya tsaya ya yi tunani irin na gardi. Macijin da ya yi wata da watanni bai ci ba, in ya fita abinci zai nema. Har ya ɗan ji daɗi, ya ce yunwa ta dawo mata ke nan. Ya fara da akurkin Hamida, ya wuce na maƙwabta, gida gida, yana sallama yana roƙon a duba a hankali kada a taɓa ta. Ba wanda ya ɗaga murya, don duk unguwar sun san Lami, wasu ma da hotonta a wayarsu. Ya duba garken awaki, ya duba bayan injin niƙa inda gafiyoyi ke rami, ya leƙa bakin rijiya. Ko'ina ya zagaya ban da bayan katangarsa, don a saninsa ba abin da ke can sai taki da abin da ya mutu.

Yana bakin rijiyar ne ya ji ihu daga wajen gidansa, muryoyin maza, da ƙarar ƙarfe na dukan ƙasa. Ya ruga a guje, ya bar takalminsa guda a nan.

Maza biyu ne a bakin tarin takin, da amalanke rabin cike. Bilya da Jabiru, mutanen wani ƙauye ne na bayan Tafoki, ba su daɗe da tasowa da iyalansu ba saboda masu bindiga, suna kama duk aikin ƙarfin da ya samu a Sheme. Maƙwabcin ne ya ɗauke su kwasar taki. Ba su san Baba Audi ba, ba su san Lami ba. Bilya na riƙe da shebur, Jabiru da gatari, suna haki.

"Baba, tsaya nan!" in ji Bilya. "Mun dai sare ta, amma ba a yarda da maciji."

Jabiru ya share zufa, yana magana da ɗan alfahari. "Wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Maciji in ya ji mutum gudu shike yi. Wagga kau mun buga shebur, mun yi ihu, ta ƙi tahiya. Sai ƙara ƙanƙame wuri take."

Tana nan a gefen tarin, a cikin ɗan ramin da shi da kansa ya tona, ta ture takin da ya rufa ta naɗe. Kan ya rabu da wuya saura fata. Jikin na ɗan motsi har yanzu, irin motsin da ba na rai ba.

Mutanen unguwa sun fara taruwa. Wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Innalillahi! Ai Lami ce, ta Malam Audi." Jabiru ya dubi gatarinsa, ya dubi dattijon da ke tsaye da takalmi ɗaya, ya sauke gatarin a hankali ya ɓoye shi a bayan ƙafa. Bilya ya fara ba da haƙuri, Baba Audi ya ɗaga masa hannu. Mutumin da ya tono mesa a cikin taki ba a tambayarsa dalilin da ya sa ya sara. Abin da ya ji ba fushi ba ne, da fushi ne ma da ya fi sauƙi, don akwai wanda za a sauke wa. Baƙin ciki ne mai nauyi, ya zauna masa a ƙirji.

Ya durƙusa ya fara warware ta. Ko a mace naɗin bai saki da sauƙi ba, sai da ya bi shi zagaye zagaye yana ɗagawa yana ajiyewa a gefe. Da ya ɗaga na ƙarshe sai curin ƙwan ya bayyana, a lotse, a yamutse, da taki a jikinsa, yadda ya bar shi. Sai dai yanzu kusan kowanne da tsaga a kai, siririya kamar an ja reza, da ɗan kumfa a bakin tsagar. Daga wata tsaga wani ɗan kai ya leƙo, mai zane sak irin na uwar, ya fito da harshe ya mayar. Na kusa da shi ma ya leƙo. Can gefe wani ya riga ya fito rabi, yana sheƙi, ya kwanta a kan 'yan'uwansa yana hutawa.

Taron ya ja da baya. Bilya, da hannunsa ya riga tunaninsa, ya sake ɗaga shebur.

"Aje," in ji Baba Audi, ba tare da ya ɗago ba. Bilya ya aje.

Hamida ta iso da mayafi a karkace, ta tsaya a bayansa tana kallo. Da ta yi magana, muryarta ba ta fita sosai ba.

"Malam, wallahi ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba," ya ce. "Ita dai ta sani."

Ya tuɓe rigarsa ya shimfiɗa a ƙasa. Ya zura hannu biyu a ƙarƙashin curin, takin da ɗuminsa, ya ɗago shi a hankali don kada ya karkace. Wanda ya fito rabin nan ya juyo ya cije shi a babban yatsa, ɗigon jini ya tsattsafo. Bai janye hannun ba. Ya ɗora curin a kan rigar, ya tattaro gefenta, ya miƙe da shi a rungume, mutane suka buɗe masa hanya.

Bilya ya biyo shi taku biyu, yana murza hannu.

"Baba, ita hwa? Mu kama maka mu kawo ta ciki?"

"Ku bar ta. Ina dawowa."

Ya shiga gida, ya ɗan jima, ya fito ba riga. Ya naɗa Lami a kafaɗa da hannu, Bilya da Jabiru suka matso za su tallafa, sai suka ga ba a buƙatarsu. Shi kaɗai ya ɗaga ta, ba ta da nauyin da za a kama wa mutum.